Ɗakin da Ke Bayan Shagon Walda

Tartsatsi ake kiransa, kuma ba don aikin walda kaɗai ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe a bakin titi, ba a taɓa ganin fushinsa ya zo a hankali ba. In ka kawo masa awo ba daidai ba, sai kunnenka ya gaya maka. Sai dai aikinsa ba ya ɓallewa, shi ya sa mutane ke haɗiye baƙar maganarsa su dawo.

Cikin 'ya'yansa huɗu, ta biyun ce ta fi kwanta masa a rai, yarinya mai surutu da kaifin lissafi, wadda yake kira Uwata. Da ta faɗi jarrabawar shiga jami'a karo na biyu, sai surutun ya ɗauke. Ta daina fita, ta daina taje kai, abinci ya riƙa bushewa a kwano a bakin ƙofarta. Gwaggonta ta ce sangarta ce, kawunta ya ce waya ce ta lalata ta. Shi kuwa Tartsatsi ya ce lalaci ne, kuma a gidansa ba a haifi rago ba. Wata biyar yana mata tsawa. Ranar da abin ya ishe shi, ya zo da kayan aiki ya cire ƙofar ɗakinta ɗungum, wai ya ga inda za ta ƙara ɓuya.

Da safiyar wata Laraba matarsa na canza rigar filon yarinyar ta tsinci takarda. Ban kwana ce yarinyar ta rubuta wa kowa, har da shi, tana neman gafara don ta zame musu kaya. Ba su tsaya shawara da dangi ba, suka kai ta asibiti. Wata malamar asibiti, 'yar gajeriya mai furfura, ta zaunar da shi a baranda ta gaya masa cewa ciwo ne, ciwon damuwa, yana da magani kamar kowane ciwo. Ta ce duk mako tana ganin yara irin wannan, kuma yawancinsu sai abu ya lalace ake kawo su, don babu inda za su buɗe baki ba a yi musu dariya ba.

Kwana uku bai kunna inji ba. Haushin da ya saba zuba wa mutane ya juyo kansa, ya rasa inda zai ajiye shi. A rana ta huɗu ya mayar da ƙofar ɗakin Uwata, sannan ya wuce ɗakin ajiya da ke bayan shagonsa, ya kwashe tarkacen ƙarfe, ya shafa fenti, ya haɗa benci shida da guntayen rodi. Ya koma asibiti ya ce wa malamar ga wuri, ita ta san abin da ake faɗa, shi tsare ƙofa kawai ya iya.

Haka aka fara zaman Asabar da la'asar. Da farko mutum uku ne. Kafin wata huɗu sun kai goma sha bakwai: ɗalibai, masu koyon sana'a, wata amarya da ta haihu ta kasa son ɗaukar jaririnta, wani da ya bar shaye-shaye yana tsoron komawa. Wanda malamar ta ga abin nasa ya yi nisa, sai ta tura shi wurin likita. Tartsatsi bai taɓa shiga ba. A waje yake zama a kan tsohuwar taya, duk wanda ya rage tafiya don leƙe sai ya watsa masa ido har ya wuce.

Unguwa ba ta bar su ba. Aka sa wa wurin suna ɗakin mahaukata. Mata suka fara lissafa 'ya'yan wa da wa ke shiga. Shugaban kwamitin unguwa ya kira taro a harabar makaranta, ya ce ana zubar musu da mutunci, baƙo zai ɗauka duk yaran layin sun taɓu. Mai ginin da Tartsatsi ke haya yana gefe yana gyaɗa kai.

Tartsatsi ya miƙe ba tare da an ba shi dama ba.

"Ranka ya daɗe, bara yara biyu muka binne a layin nan," in ji shi. "Kowa a nan ya san abin da ya kashe su, amma muka ce zazzaɓi ne, muka ci gaba da harkokinmu. Ni da hannuna na kusa ƙara ta uku. Wannan ne mutuncin da kake tsarewa? In shi ne, ku riƙe abinku."

Amma maganarsa ba ta hana komai ba. Bayan mako guda mai gini ya sa wa ɗakin kwaɗo. Tartsatsi ya ɗauko injin yankan ƙarfe zai datse shi, Uwata ce ta riƙe masa hannu, ta ce in aka kama shi wa zai tsare musu ƙofa. Wata mai wanki da guga da ke jikin shagon ta ce a zo tsakar gidanta, ita ba ta da mutuncin da benci zai zubar. Da rana tsaka ya kwashe bencinan ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa, yana kallon kowa ido cikin ido.

Uwata ba ta warke rana ɗaya ba. Har yanzu tana shan magani, akwai makon da ke mata nauyi, amma ita ke tarbar sababbin zuwa, kuma ta fara koyar da lissafi a wata ƙaramar makaranta.

Bayan shekara guda sai ga wata ƙungiya ta zo neman unguwannin da ke taimakon matasa, za ta riƙa turo likita sau ɗaya a wata. Shugaban kwamiti ya iso da sabon ɗinki, ya ce ai wannan aikinsu ne tun farko, a sa sunan kwamiti a takarda. Tartsatsi ya rantse sai dai bayan ransa. Malamar asibiti ta ja shi gefe ta tambaye shi wanne ya fi so, likitan ko fushin. Ya daɗe yana huci kafin ya ce su rubuta abin da suka ga dama.

Ranar da baƙin suka zo, aka jera kujeru a tsakar gidan mai wanki, aka kira shi ya shiga hoto, ya ce yana da aiki. Shugaba na buɗe baki zai fara jawabi, Tartsatsi ya sa tabarau, ya ɗora injin yankan ƙarfe a kan wani ƙaton bututu a bakin shagonsa. Minti ashirin aka ga bakin shugaba na motsi, babu wanda ya ji kalma ɗaya. Sai da likitan ya miƙe zai yi wa yaran magana, sannan ya kashe.