Auduga a Gindin Randa

Fatar fuskata mai saurin fushi ce. Rana ta taɓa ta, ta yi ja; sabulu mai ƙamshi ya hau ta, ta yi ja. Da wannan fuska aka turo ni koyarwa Kafanchan, na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa manomiyar citta, wadda kowa ke kira Mama.

Ban san kowa a garin ba. Daga ni sai akwatina, sai wata 'yar roba da yayata ta saya min a Sabon Tasha. 'Yan faya-fayan auduga ne a ciki, jiƙe da ruwan sanyaya fata, wanda masu kayan kwalliya ke ce wa tona. In na dawo daga makaranta fuskata na raɗaɗi, sai in manna ɗaya a kowane kunci, in kwanta ina kallon rufi har zafin ya sauka.

Da aka haƙe citta, matan gidan da na maƙwabta suka fara zaman yamma a tsakar gida, kowacce da wuƙarta, suna tsaga ta gida biyu don a shanya. Ba a gayyatar kowa. In kina gidan, ki jawo kujera kawai. A nan ake hira, a nan ake shan gwate a kwano ɗaya.

Ranar farko na zauna da ɗokina. Yajin citta ya kama min hannu, na share gumi da shi, kafin a tashi fuskata ta yi jawur kamar gauta. Daga ranar sai in gaishe su in shige ɗaki. Da wane baki zan ce wa matan da suka wuni a gona wai fuskata ba ta son yaji? Su kuwa suka yanke nasu hukuncin: Malama 'yar birni ce, man bilicin ya cinye mata fuska, kuma ta fi ƙarfin riƙe wuƙa. Aka daina miƙo min gwate. Ina kwance da auduga a kunci, dariyarsu na shigowa ta taga. Na yi kewar mutane ƙwarai, ga su kuma a ƙofar ɗakina.

Ɗakin kwano ne, wuta kuma sai an ga dama, don haka audugar kan ɗumama. Na koma ajiye robar a jiƙaƙƙen yashin gindin randar Mama. Can ta tsince ta wata safiya, ta tare ni tana tambayar ko maganin me na binne mata. Na gaya mata komai. Ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe ciwo ne," in ji ta da Hausarta. "Mu mun ce yanga ne. Don me ba ka faɗa ba, 'yata?"

Da yamma na fito da auduga manne a kumatuna da wuƙar aro a hannu, na shirya wa duk dariyar da za a yi min. Na tarar da tsakar gida a share tas. Aikin citta ya ƙare, an ɗinke buhuna, matan kowa ta koma gidanta. Mama kaɗai ce zaune da kwanon gwate. Ta dubi wuƙar, ta miƙo min cokali, ta ce sai baɗi.

Kafin baɗin aka mayar da ni wata makaranta a Zonkwa. Har yau ban iya tsaga citta ba.