Harbi-rugar Babana

Asubar fari muka bar tsohon garin Abuja a motar doya, ni da wani maƙwabcina. Ina rungume da bindigar marigayi Babana cikin tabarma. Sau uku ina laluba aljihu in tabbata takardar lasisi tana nan.

Ga abin da ya fitar da ni. A unguwarmu tsofaffi suna kiran wannan bindiga harbi-ruga, yara kuma suka mai da abin tsokana, wai Baba harbi yake ya arce. Shekara biyu maganar tana cina a rai. Aka ce a Tungan Maje akwai tsohon maƙeri da ya yi farauta tare da shi.

Mun wuce gindin dutsen Zuma ina ta salati, don direban bai san birki ba. A Zuba muka sauka. Lemu da ayaba tuli-tuli, na kwabo sai ka ƙoshi. Muka ci gasasshiyar doya da manja, muka kama hanya a ƙasa.

Maƙerin Bagware ne, tsoho tukuf. Yana ganin ƙotar bindigar ya shafa ta, ya ambaci sunan Baba. Na faɗa masa damuwata, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, zauna ka gani."

Ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya daka da sanda, ya sa dalma, ya sake dakawa. Kafin ya gama, maƙwabcina ya ɓare lemu ya shanye. Sai maƙerin ya dube ni.

"To, bauna za ta tsaya jiranka ka yi duk wannan? Harbi ɗaya gare ka. In ta ji ciwo, hayaƙin take nufa. Ka harba, ka ruga gefe. Daga nan sunan ya fito. Wanda ya tsaya yana taƙama, a kafaɗa muka dawo da shi gida. Babanka kuwa sai ya ga ƙudan da ke idonta yake harbi. Matsoraci yana zuwa nan?"

Ya miƙo mini bindigar, ya nuna wani kututture. Na rufe ido na ja kunama. Ban san lokacin da na isa bayan rumbu ba.

"Gudun dai ka gada," in ji shi, "saura matsowa kusa."

La'asar sakaliya muka iso gida, kunnena na ƙara, zuciyata wasai. Na koyi cewa suna yakan ɗauki rabin labari ya bar rabi a daji. Yara suka taso da tsokanarsu. Na shimfiɗa tabarma na ce su zauna.