Gyaɗar Gida da Gyaɗar Kasuwa

Shekarun baya, lokacin farin nan da ya sa kowa ya rame a Tamale, ina koyarwa a wata firamare, ina zaune da mahaifiyata a unguwar Sabonjida. Mahaifina ya rasu shekara biyu kafin nan. Cikinsa ne ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, cikin wata biyu aka gama. A asibiti sun ce sankarar hanta ce. Ƙanensa ma haka ya tafi.

Ni kuwa tun ina yaro Allah ya ɗora mini bin diddigi. Na taɓa kwance rediyon gidanmu don in ga mai maganar, har yau ba a haɗa ta ba. To ina da wani abokina, Kirista daga kudu, mai aiki a ɗakin gwajin jini. Wata rana ya ce mini wasu likitoci sun zo suna ɗibar jinin mutanen da cutar ta taɓa danginsu, ko za a gano ta tun ba ta yi ƙarfi ba. Ya ce su kansu likitocin bakinsu bai zo ɗaya ba. Wani na cewa idan an gani da wuri ana iya yin aiki. Wani na cewa aikin sai Kumasi ko gaba, ga ba mota ba mai, to me za ka ba mutum ban da fargaba?

Wannan gardama ta yi mini daɗi, na kawo ta gida da zafinta. Na ce wa mahaifiyata rashin sani ya fi dare duhu. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce babana bai sani ba, ya ci tuwonsa ya yi dariyarsa har saura wata biyu, da an gaya masa tun da shekara ai da shekarar duka ya yi yana jinya. Ta ce ni kaɗai na rage mata, ba ta yarda in je gwajin ba.

Na ce to. Washegari na hau keke na je na ba da jinin.

Aka ce sai bayan mako uku, don kudu ake aika shi. Nan jarumtar tawa ta ƙare. Kullum da safe sai na gwale ido a madubi, a aji kuma ina rubutu a allo ina latsa haƙarƙarina na dama. Ko gyatsa na yi sai in tsaya in yi nazari a kanta. Ni da na zo da wa'azin sani, na koma ba na gama tuwona.

Ranar da sakamakon ya fito, abokina ya biyo da shi gida da yamma. Ya raɗa mini a ƙofa cewa ba a ga komai ba, amma in dawo bayan wata shida. Don murna na ja shi ciki ya gaishe da mahaifiyata. Ya same ta tana sana'arta, wato tsintar gyaɗa. Haka take yi tun kafin a haife ni: masu kyau a daro don kasuwar Aboabo, waɗanda suka yanƙwane ko suka yi funfuna a ƙwarya don miyar gida. Duk masu gyaɗa a layinmu haka suke yi, balle a shekarar yunwa.

Abokina ya tsuguna ya ɗebo na ƙwaryar yana dubawa. Da na ƙyale shi, da shi ke nan. Amma ni sarkin tambaya na ga fuskarsa, na matsa masa sai ya faɗa.

Ya ce, “Mma, wannan gyaɗa ba shi da kyau. Funfuna ɗin nan, idan mutum ya ci shekara da shekara, yana ɓata hanta.”

Hannunta ya tsaya a cikin daron. Shekara ashirin da wani abu tana dama wa mahaifina miyar gyaɗar nan, kuma shi ake fara zuba wa, mai kaurin. Ta dubi ƙwaryar, sannan ta ce, “Ɗana, ni na ba shi ke nan?”

Abokina ya rikice. Ya rantse cewa ba mai iya cewa haka, akwai wata cutar a jini da ke jawo shi, akwai abubuwa da yawa. Gaskiya ya faɗa, amma maganar ta riga ta shiga. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, ita ya doka, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Likitocin nan ba su dawo ba bayan wata shidan, an ce kayan aikinsu sun ƙare. Yanzu idan na ji ana musu a kan gwajin hanta, a yi ko kar a yi, nakan saurari kowa, don na zauna a ɓangarorin biyu. Ni dai ina zuwa a duba ni, ’ya’yana ma na kai su rigakafi. Sai dai na koyi cewa kafin ka tono magana, ka duba wa ke zaune kusa.

Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini faɗan zuwa gwajin a ɓoye ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba. A ranar, a cikin wannan yunwa, ta kai ƙwaryar bayan gida ta binne abin da ke ciki, ko kaji ba ta ba su ba. Daga nan har ta rasu, idan ta gama tsinta, mudun farko na masu kyau ba ya zuwa kasuwa. Takan ajiye shi gefe ta ce, “Wannan na ɗan marigayi ne.”