Jakin Jiya a Cikin Tasa

Ni ba mai son tuna baya ba ne. Bayan da na baro babu abin kirki da yawa cikinsa: lakwal, wato makarantar boko, da ban gama ba, gonar da rairayi ya cinye, shekarun da na ɓata ina dako a Yamai. Yanzu aikina ɗaura parabol, farantin nan mai kamo tashoshin talabijin, a Filinge. In hau rufin mutum da rana tsaka, in juya masa faranti har hoto ya fito, in sauko ya ce mini ai ba wani aiki na yi ba. Amma kwanakin nan barci ba ya zuwa mini da sauƙi, kuma duk juyin da na yi bisa tabarma, wutar Kaka Zali nake gani.

Kaka Zali ita ta haifi babana. Ƙauyenmu yana cikin kwarin da ake kira dallol, arewa da Filinge, inda goriba ta fi mutane yawa. In an gama girbi, ɗari ya shigo, da an sallame lisha sai ta jawo 'yar kujerarta bakin bukka. Mu jikoki mu kawo kara da busasshen kashin shanu mu hura wuta. Hayaƙi ya cika mana ido, gabanmu ya gasu, bayanmu yana daskarewa, amma ba wanda ke matsawa. Ita kuwa ta cusa taba a kunci, ta dube ni ta ce, "Idi, mijina na banza, ko kara ba ka iya kawowa da yawa. Da mi za ka ciyar da ni?" Kowa ya yi dariya, sannan ta ce, "To, ga ta nan tahe, wa ka tarbonta?" Mu ce, "Mu ne, ta shigo."

Duk tsofaffin ƙauye suna tatsuniya, amma ta Kaka tana da doka. Tatsuniyoyinta ba su da yawa, maimaita su take yi. Sai dai kowane dare takan sauya abu guda da gangan. Akuyar jiya ta zama tunkiya. Yarinyar da ta bi gabas yau ta bi yamma. Wanda ya fara ganewa ya ce, "Tsaya, Kaka!" ya faɗi yadda abin yake, sai ta kwance bakin zanenta ta jefa masa goriba. In kuwa ta kai ƙarshe ba wanda ya tsaida ta, sai ta ɗauki kujerarta ta shige. "Ba ni ba tumaki labari," haka take cewa. Gobe ko mun tara kara kamar rumbu ba za ta fito ba. Saboda haka ba ma gyangyaɗi gaban wutarta. Kunnuwanmu a tsaye suke, kowa yana jiran ya kama ta.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta mutanen sama. Wai wani gari ne ruwa ya ƙi musu, rijiya ta ƙafe, dabbobi sunka mutu. Sai wani gawo ya tsiro tsakar gari, ya yi ta tsawo har ya shige gajimare. Mutane sunka hau, da tsofaffi da jarirai. A can sama sunka tarar da wani mutum mai rumbuna, ya ce su zauna su riƙa yi masa daka yana ba su tsaki. Sunka ce to, amma da ruwa ya sauka ƙasarmu za mu koma. Ya ce ba laifi, ni zan riƙa nuna muku. Yana da wata tasa ta ƙarfe cike da ruwa. Kowace yamma sai ya tara su, ya buɗe tasar, su leƙa su ga garinsu can ƙasa: fako, ba ko ciyawa, sai wani jaki tsaye gindin busasshen icce. Su yi kuka su koma ga turmi.

Ana nan, ana nan, sai wata mata mai goyo ta lura da abu. Kullum jakin nan yana ɗaga ƙafar baya ta hagu, ya kaɗa kunne, ungulu ta gitta bisansa. Jiya haka, yau haka. Nan Kaka takan rage murya, ta matso da fuska kusa da wuta. "Sai tac ce, ku jama'a, wane irin jaki na wanga da ba shi gajiya da ƙahwa guda? Wanga ai jakin jiya na!" Mutane sunka ce ta rufa musu asiri, kada a hana su tsaki. Ita ko ta gyara goyonta, ta je bakin gajimare, ta kama reshen gawo, ta fara sauka.

Mu tambaya, "Kaka, ta isa?" Ta ce ta isa, ta tarar da hatsi ya fi ta tsawo, kwaɗi suna kuka a tafki. Haka munka san ƙarshen, haka munka haddace shi.

Sai wata shekara ta zo da damina ta yaudare mu. Hatsi ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe. Cikin wannan shekarar ce anka kawo wa ƙauyenmu tele, wato talabijin. Mota ta sauke ta da fano mai ɗaukar hasken rana da batir, anka gina mata ɗan ɗaki na ƙarfe a filin samariya, inda matasa ke taruwa. Da yamma a buɗe, gari duka ya zube gabanta. Ba sai na faɗa muku ba, wutar Kaka ta rasa masu kawo mata kara.

Rannan ta ce in kama hannunta ta je ta ga mai tatsuniyar da ya kwashe mata maza. Na kai ta, anka ba ta wuri gaba. Ana labaran Hausa, mutumin cikin tele yana bayani a kan albarkar noma, ana nuna rumbuna da mata suna sussuka suna dariya. Mu kuwa da fura mai ruwa munka wuni. Kaka ta yi kallo, ta yi kallo, sai ta ɗaga sanda ta ce da ƙarfi, "Tsaya!"

Mutumin ya ci gaba da maganarsa. Ta juyo ta dubi jama'a. "Shi wanga ba a tsaida shi?" Ba wanda ya yi dariya. Akwai gardi guda, dogarin gwamnati, da ya rako telen, yana zaune gefe, ya juyo yana neman mai maganar. Babana ya taso da sauri ya durƙusa kusa da ita. "Inna, don Allah. Inna, tashi mu tahi gida." Ban taɓa ganin babana yana roƙo haka cikin jama'a ba sai ran nan.

Da munka koma ta sa na hura mata wuta, ni da ƙannena biyu. Ta yi mana ta mutanen sama. Da matar ta kama reshe ta fara sauka, sai Kaka ta ce reshen ya karye, ta faɗo da ita da goyonta, ba a sake jin labarinsu ba. Na yi tsalle. "Tsaya, Kaka! Ai ta isa! Ta tarar da hatsi!" Na miƙa hannu ina jiran goribata. Ba ta taɓa bakin zanenta ba. Ta tofar da taba cikin wuta ta ce, "Yau ban sauya komi ba, mijina. Wata shekara tana isa, wata shekara ba ta isa." Na yi fushi na kwanta. Na ɗauka rowa ce ta tsufa.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni kuma da na haifi ɗana Lawali, ban iya tatsuniya ba, amma dokar na riƙe ta. In ina ba shi labarin kasuwa ko na Yamai sai in sa ƙarya guda, ya kama ni in ba shi alawa. Ina alfahari da shi a lokacin. Ina cewa yaron nan ba wanda zai yi masa wayo.

Yanzu ya zama saurayi, ya gama lise, wato sakandare, babu aiki. Shi da abokansa suna da fada a ƙofar shagona, suna dafa shayi, na ba su wata tsohuwar tele. Abin da suke so shi ne finafinan sararin samaniya: jiragen da ke tafiya tsakanin taurari, mutanen ƙarfe, duniyar da za a yi bayan tamu ta ƙone. Da farko na ce shirme ne. Mutumin da bai iya zuwa ko garin Sanam ba saboda tsoron hanya, shi ne zai zauna yana gardama a kan zuwa duniyar wata. Amma na saurare su ina gyaran waya, na gane ba taurari suke magana ba. Mu suke magana.

Akwai Sumana, babban abokinsa, ɗan masu sayar da hatsi. Shi ra'ayinsa guda ne. "Ka taɓa ganin jirgi ya kama wuta an tsaya zaɓe? Kaftin ya ce a rufe ƙofa, a rufe. Ƙasa tana cikin yaƙi, Lawali. In kowa zai faɗi abin da ya ga dama, jirgin faɗuwa zai yi da mu duka."

Lawali ya ce, "Kai Bazabarme, ka cika son kaftin. Filim nawa munka gani wanda kaftin ɗin ne ke ɓoye wa mutane cewa iska ta kusa ƙarewa? Kowa yana kallon allo, allo yana cewa lafiya lau."

"To wa za ka yarda da shi? Telen Turawa?"

"Su ma allo ne. Nasu dai ya fi tsada. Su kullum mun mutu, namu kullum mun warke."

Sumana ya ce, "Kai dai in an sa ka cikin jirgi, ranar farko za a jefo ka waje." Sunka yi dariya, anka zuba shayi na biyu. Ni ban yi dariya ba.

Abin da ya hana ni barci ya faru ran wata kasuwa. Fada ta cika da baƙi, har da mutanen da sunka gudo daga ƙauyukan arewa, suna zaune da 'yan ƙunshinsu. Lokacin labarai ya yi. Wata tasha tana nuna cewa kasuwannin yankin sun koma ci, ga mutane, ga raƙuma. Sai na ji muryar ɗana ta tashi bisa ta kowa. "Tsaya! Wancan mai jar hular da ke jan raƙumi, shi anka nuna mana tun bara. Ku duba, yanzu zai juyo ya tofar da yawu." Mutumin ya juyo ya tofar da yawu. Samari sunka kwashe da sowa. Baƙin nan ba su yi sowa ba, sunka sunkuyar da kai. Wani da ban sani ba, mai tsabtar riga, ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba ya tafi.

Yaran nan sun san yadda ake haɗa hoto, sun ƙoshi da kallon garuruwan da babu su. Ban san ko ganganci ne ko tashar ce ba ta da sabon hoto ba, kuma ban damu ba. Abin da na sani, bayan kwanaki kaɗan ina bisa rufin wani babban mutum ina juya faranti, ya tsaya ƙasa yana riƙe mini tsani, ya ce cikin fara'a, "Malam Idi, an ce ɗanka yana da ido. Allah shi raya." Ya girgiza tsanin kaɗan, wai yana gwada ƙarfinsa. Na sauko ban ƙirga matakai ba, ban ko tsaya ciniki ba.

Uwar Lawali ta ce in kwashe telen in kulle. Ta ce in tura shi wurin ƙanenta a Damana ya yi noma. Na kira shi da niyyar in yi masa tsawa. Na ce, "Lawali, bakinka zai kashe ni." Ya ce, "Baba, ƙarya na yi?" Na ce ba a nan take ba. Ya dube ni ya ce, "Wa ya koya mini?" Ba da rashin kunya ya faɗa ba, tambaya ce kawai. Na sa hannu cikin aljihu, sai na tuna babana durƙushe kusa da Kaka gaban tele.

Da ina yaro na ɗauka Kaka wasa take koya mana. Da na girma na ce wayo ne, kada a cuce mu. Sai yanzu na gane abin da ya sa ta hana ni goriba ran nan. Ta koya mana tsaida mai labari a gaban wuta, inda mai labarin kakarka ce, ladanka yana ƙulle a zanenta. Da ta ga irin mai labarin da ke zuwa, wanda ba shi jin tsaya, kuma yana da gardi zaune gefe, sai ta faɗa mini sauran gaskiyar, ni kuwa ina ta miƙa hannu. Ban san ko daidai ta yi ba. Wasu ranaku ina jin haushinta. Da ta bar mu tumaki, da yanzu ina barci.

Ran kasuwar da ta wuce na ga wata tsohuwa da goriba a faifai, na sayi guda, ban san dalili ba. Tana cikin aljihuna har yau. Telen ban kulle ta ba, Damana kuma ban tura shi ba tukuna. Kowace yamma in lokacin labarai ya yi sai in bar aiki in tsaya bakin shago, ido guda ga ɗana, ido guda ga hanya. In ga ya matso gaba, kunnuwa a tsaye, kamar ni gaban wutar nan. In damƙe goribar. In na ba shi, na ce masa sauka. In na jefar, na ce masa koma ga turmi. Kaka ta ce wata shekara tana isa, wata ba ta isa, amma ta mutu ba ta faɗa mini yadda ake gane shekarar ba.