Takardar da ke Gindin Bindigar Orval

Orval Tisdale mai haƙa rijiya ne a gabashin Montana, kuma maƙwabcina na shekara talatin. Ba shi da yawan magana, sai fa in an taɓo zancen tsofaffin bindigogi. Nan kam sai ka nemi kujera.

Yana da su kusan ashirin, amma ɗaya ce ransa: wata doguwa mai ɗuri ta baki, wadda ya ce ta Jubal Crandall ce, madugun da ya riƙa ratsa duwatsu da ayarin masu ƙaura zuwa yamma. Wanda ya sayar masa ne ya faɗa masa haka, da baki kawai. Orval ya buga kati da sunan Crandall, ya yi shekara arba'in yana yawon baje koli da ita.

A wajen masu tara irin waɗannan bindigogi, tsatsa daraja ce. Ba a gogewa, ba a kankarewa, uwa uba ba a juya sukurun da ya shekara ɗari a wurinsa. Ni dai hauka na ɗauki abin, tunda kowa ya san mutanen zamanin da sukan ɓoye takarda a ƙarƙashin ƙarfen gindin bindiga.

"Kwance ka gani mana, tsoho," nakan ce masa. "Ko tsoro kake ji?"

"Je ka ji da shanunka, Wendell. Me ka sani in ban da kashin saniya?"

Tsoron kuwa yake ji, ni ne ban gane ba.

Da likita ya gaya masa huhunsa ya ƙare, sai ya so ya bar bindigar a gidan tarihin gundumarmu. Mai kula da gidan ta ce ba za ta rubuta sunan Crandall ba sai da shaida. Ran nan da hantsi ya kira ni. Na same shi a kicin, kofi ya huce a gabansa, bindigar na kwance kan bargo.

"Riƙe min ita," ya ce. "In ka yi min surutu, na kore ka."

Ya fara kwance gindin bindigar, sukudireba ya zame ya karce ƙarfen. Ya runtse ido, ya ci gaba. Akwai takarda kuwa, 'yar ƙarama, a nannaɗe. Ya karanta a hankali: "Bindigar Hester Bloom ce wannan. Da ita na ciyar da 'ya'ya shida bayan rasuwar mijina. 1871."

Tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar duk tsokanar da na yi masa.

"Mu mayar da takardar inda take," na ce. "Wa ya sani in ba ni da kai ba?"

Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "Shekara arba'in ina kiran sunan wani ƙato a kan bindigar baiwar Allah nan. Ya isa haka."

Ya yaga katin Crandall da hannunsa. Watannin da suka rage masa, a motata ya ƙare su, muna bin tsofaffin maƙabartu muna karanta sunayen da ke kan duwatsun kaburbura. Ba mu sami kabarinta ba.

Bindigar na gidan tarihi yanzu, da karcen da ya yi mata. Sun so su rubuta sunansa a matsayin wanda ya bayar, ya ƙi. Ya ce a bar Hester ita kaɗai a kan katin, ta jira da yawa.