Kakana Malam Tanimu Magini da Rufin Masallacin Unguwarmu

Ranar Talata da hantsi, muna cikin darasin lissafi, aka aiko kirana ofishin shugabar makarantarmu ta kwana. Na tarar da Baffa Sale, ƙanen mahaifina, tsaye a bakin ƙofa riƙe da hularsa. Baffa bai taɓa zuwa makarantarmu ba, gama tafiyar yini guda ce daga Zariya. Tun kafin in durƙusa in gaishe shi na gane abin da ya kawo shi. Ya ce, "Rakiya, sai haƙuri. Malam ya cika ranar Lahadi da safe." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Tanimu magini, na unguwar Kusfa a cikin birni, kakana ne na wajen uba. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a wurin zaman makoki ban iya cewa komai ba sai kuka. Shi ya sa na rubuta wannan, don waɗanda suka zo mana gaisuwa su san yadda ya yi makonninsa na ƙarshe.

Mutum ne mai natsuwa a kan aiki. Ba ya ɗora sabon tubali a kan wanda bai bushe ba, ko da mai gida zai yi fushi. Yakan ce, "Katangar da aka yi wa gaggawa, ita ma da gaggawa take sauka." Kowace shekara kafin damina yakan ɗauki tsaninsa ya bi gidajen matan da mazansu suka mutu, ya gyara musu indararo, ya sauka ya wuce ba tare da ya jira ko ruwan sha ba. Ni kuwa ba ya kirana da sunana sai "amarya", irin wasan kaka da jika. Idan na sunkuyar da kai don kunya sai ya ce, "Wannan amarya tawa, da ƙasa aka ɗaura miki aure ko da ni?"

Daminar bara rufin masallacin unguwarmu ya rufta, mutane suka koma yin salla a rumfar zana. Malam ya ɗauki alkawari a gaban jama'a cewa zai rufe shi da bakan gizo, wato rufin ƙasa da azara mai lanƙwasa ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, kamar yadda mahaifinsa ya yi shi da fari. A unguwar babu wanda ya iya wannan aiki sai shi. Baffa Sale ya ƙware a katanga, amma bai taɓa haɗa baka ba. Kowa kuma ya sani, idan ruwan sama ya sauko kafin a rufe, katangun da aka tayar za su narke, aikin rani guda ya koma laka.

Da na dawo hutu a farkon bazara, an ɗaura baka biyu, saura biyu. Na iske mutane suna yi wa Malam barka da ƙiba. Fuskarsa ta cika, ƙafafunsa sun ƙi shiga takalmi, ana cewa hutu ya karɓe shi. Amma daga zaure zuwa rijiya sai ya tsaya ya yi haki, kuma ba ya iya kwanciya sai a jingine da bango. An koya mana a darasin kiwon lafiya yadda ake gane kumburi. Wata rana ina zuba masa ruwan alwala na danna ƙaurinsa da yatsa, sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na gaya wa Baffa, Baffa ya yi ta lallashinsa har ya yarda muka ɗora shi a jaki zuwa asibiti a bayan ganuwa.

Likitan Bature ne, aka ce ni zan yi tafinta. Ya auna jini, ya duba fitsari, ya daɗe yana sauraren ƙirjin Malam. Sannan ya yi bayani, ni kuma ina mayarwa da Hausa. Ya ce ƙodojin sun daɗe da lalacewa, ba sa fitar da ruwa da gishiri yadda ya kamata. Ruwan da ya taru ya sa jini ya hau, zuciya tana ta tura shi har ta kumbura ta gaji. Ya ce masu irin wannan ciwo, sau da yawa zuciya ce ke fara gazawa kafin ƙoda ta gama mutuwa. Ya ƙara da cewa a ƙasashen Turai an soma amfani da wata na'ura mai wanke jini, amma ba ta iso nan ba.

Malam ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Amarya, jinin ma wanki ake yi masa kamar riga? To, ki gaya masa na gane. Indararo ne ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ke shan nauyi. Ki tambaye shi, azarar za ta kai damina?"

Likita ya ce bai iya yin alkawari ba. Amma idan Malam ya bar gishiri da kanwa sam-sam, ya auna ruwan da yake sha, ya bar hawa tsani, ya riƙa shan ƙwayoyin da zai ba shi, mai yiwuwa ne. Idan kuwa ya ci gaba da cin gishiri, kwanaki kaɗan ne ruwa zai cika masa huhu.

A gida abin bai yi wuya ba, na karɓi tukunyarsa ina dafa masa lami. Wahalar daga waje ta zo. Da labari ya bazu cewa Malam ba shi da lafiya, kowane gida ya fara aiko da kwano, kamar yadda aka saba. Miyar kuka da kanwa, farfesun kan rago, dambu, kunun kanwa don ƙarfin jiki. Wata rana na ƙirga kwano tara a zaure. A birni kuwa mayar da kwanon maƙwabci ba a taɓa ba daidai yake da zagi. Malam mutum ne mai kara, sai ya riƙa buɗe kowanne yana yin loma biyu, don idan aka tambaya ya ce ya ci bai yi ƙarya ba. Ni aka sa in riƙa tsare kwanukan, amma na kasa buɗe baki in ce wa manya a'a.

A rana ta huɗu da dawowarmu daga asibiti bai iya fita ba. Ya zauna a zaure, hannuwansa a kan gwiwa, numfashinsa yana ƙara kamar ana hura wuta da zugazugi. Ma'aikatan ginin masallaci suka zauna a gindin katanga suna jiransa, hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas. Ranar ce kaɗai a rayuwata na yi masa musu. Na ce, "Malam, ko kwanukan ko masallacin." Ya dube ni ya ce, "Ashe amaryar tana da baki. Je ki kira mini Hajo."

Iya Hajo maƙwabciyarmu ce, tsohuwa sa'arsa, kuma kwanonta ne ya fi kowanne girma. Ta shigo tana gyara mayafi.

"Malam, ya jikin? Ka ci farfesun?"

"Na ci, Hajo, shi ne ma ya kwantar da ni. Likita ya ce gishiri ne ke shaƙe ni."

"Shekara arba'in kana lashe kwanona, yau miyata ce guba? Wannan 'yar boko ce ta kitsa maka, ko?"

"Bar yarinya. Miyarki ba ta sake ba, ni ne na sake. Ina roƙonki abu guda. Akwai mutum goma sha biyu daga ƙauyukan Kufena suna kwaɓa ƙasa a masallaci, ba abin da suke ci da rana sai rogo. Duk wadda ta yi niyyar ciyar da ni, ta aika can da sunana. Na karɓa, na gode, ladan kuma biyu ne."

Iya Hajo ta kalli ƙafafunsa. Sai ta ce, "Tsohon nan, ko a bakin kabari sai ka sa mutane aiki." Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Daga ranar ita ta zama mai gadin zaurenmu. Duk kwanon da ya zo sai ta juya shi zuwa masallaci, kuma babu matar da ta isa ta yi mata gardama. Ta ƙwace tukunyar Malam daga hannuna, ta ce lamina ko akuya ba za ta ci ba. Ta riƙa yi masa miya da tsamiya da citta da albasa, ba ko ƙwayar gishiri. Ruwan shansa da moɗa ake aunawa, a cikin zafin bazara. Yakan jiƙa leɓɓansa ya ce, "Wanda ya saba azumi, moɗa uku sarauta ce."

Bayan mako guda kumburin ya ɗan sauka, numfashi ya daidaita. Aka shimfiɗa masa buzu a cikin masallaci, ya jingina da bango, da doguwar sanda a hannu. Bai sake taka tsani ba. Baffa Sale ne a sama, Malam yana nuna masa da sanda inda kowace azara za ta zauna da yadda za a ɗaure ta. Sau biyu ya sa aka kwance aikin yini guda. Baffa ya yi fushi ya ce, "Malam, hadari fa!" Malam ya ce, "Na gan shi. Ni ma nawa hadarin yana ƙirjina, ban yi gaggawa ba. Kwance."

Matan unguwa kuwa suka shiga gasa. Ma'aikata suka ƙoshi, har waɗanda ba a gayyata ba suka riƙa zuwa taya aiki. Ana saura kwana biyu in koma makaranta aka haɗa baka na huɗu. Ina leƙe ta taga tare da mata lokacin da Baffa ya sa azara ta ƙarshe, maza suka yi kabbara, Iya Hajo ta rangaɗa guɗa har liman ya aiko a ce mata masallaci ne. Saura yaɓe da makuba kawai, wadda ke hana ruwa shiga. Da na je sallama, Malam ya ce, "Je ki, amarya, ki yi karatu. Kin fassara mini magana mai ɗaci ba ki rage ba, Allah ya yi miki albarka."

Sauran labarin a cikin mota Baffa ya ba ni, muna hanyar gida. Ruwan farko ya sauko ranar Juma'a da la'asar, mai ƙarfi. Malam ya ce a ɗauke shi a kai shi masallaci. Ya zauna a tsakiya, kansa a ɗage, yana bin bakan nan huɗu da ido har ruwa ya ɗauke. Sai ya sa Baffa ya shafa daɓe da tafin hannu daga kusurwa zuwa kusurwa. Hannun ya taso a bushe. Malam ya ce, "Sale, ka zama magini. Ku yi kiran salla." Ya bi jam'in magariba a zaune, a sahun farko. Ranar Lahadi da safe, bayan ya sha kokonsa, ya dafe ƙirji, ya yi kalmar shahada, zuciyar ta tsaya. A ƙofar masallacin aka yi masa salla.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Tanimu, ka gafarta masa kurakuransa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara a gare shi. Ka yalwata kabarinsa, ka gina masa gida a Aljanna kamar yadda ka yi alkawari ga wanda ya gina maka ɗaki. Ka ba mahaifina da Baffa Sale da dukkanmu haƙurin rashinsa. Ka saka wa Iya Hajo da matan Kusfa da ma'aikatan Kufena da alheri, ka ba masu fama da irin wannan ciwo sauƙi. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.