Zambon Mai Tsuntsu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar 'Yankara ya san muryar Malam Gide, ko da bai san fuskarsa ba. Maroƙi ne, ɗan maroƙi. Da ƙuruciyarsa gayya yake bi daga Mairuwa har Sabuwa, yana wasa manoma har sai wani ya karya ƙotar garma don zumuɗi. Da gonakin nesa suka gagari zuwa, gayya ta mutu, sai ya sayi lasifikar hannu ya koma tallan taki da irin masara da maganin basir.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: yabon da babu zambo ba ya shiga kunne. In ya yabi shinkafar wani, sai ya taka ta maƙwabcinsa. Kuma bai taɓa kama sunan wanda yake wa zambo ba, ya ce wannan aikin ƙananan maroƙa ne. Shi kwatance yake yi, irin wanda ko baƙo ba zai ɓata ba. Wanda abin ya isa sai ya kawo goro ko yadi a toshe baki, Malam Gide ya yi shiru. Haka ya gada.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, Jabiru, wanda ya koyo aikin kwamfuta a Funtuwa ya dawo ya buɗe shago a bakin titi. Tun ran da ya dawo yake cewa in shagon bai karɓe shi ba Kaduna zai nufa. Malam Gide ya ƙi jinin kalmar Kadunan nan, don ya san waɗanda suka tafi sai Sallah ake ganinsu.

To, ashe akwai wani Muttaka, can cikin lungu, shi ma gyaran kwamfuta yake yi. Jabiru ya yi wa uban bayani: kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita. Shi mai tambarin taga yake sa wa mutane, wadda ake saye, wadda ofisoshi suka sani. Muttaka kuwa wata yake sawa mai tambarin tsuntsu.

“Ita mai tsuntsun, mi ne ne aibinta?” in ji Malam Gide.

“Ba wani aibi, Baba. Kyauta dai ake samunta, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta.”

Malam Gide ya yi murmushi. Kyauta! Tsofaffi! Yaron nan ya miƙo masa wuƙa bai ma sani ba. Jabiru ya roƙe shi ya tsaya ga yabo kawai, amma ina, wa zai koya wa Gide sana'arsa?

Ranar kasuwa ya saɓi lasifika. Mai taga ta samu baiti biyu na yabo, ya ce ita ce ta manya, ta masu babbar riga. Daga nan ya juya. “Jama'a, ku ji abin kunya! Wai akwai wata mai tsuntsu, ta sadaka, ko sisi ba a ba da! Ba ta da zaɓi, kwamfutar da ta tsufa ta kurumce, wadda aka jefa ƙarƙashin gado, ita take bi ta tayar! Ni ban kama suna ba. Amma in ka bi lungun masu niƙa, ka wuce darbejiya, ƙofa ta biyu mai koren fenti, ka toshe hanci ka wuce!”

Kasuwa ta ɗauka. A teburin mai shayi aka rabu biyu. Wani malamin firamare ya ce bai dace ba, ka yabi kayanka ka bar na wani. Wani direba ya ce ƙarya ne, in ba a gwada biyu ba ta yaya za a san na ƙwarai? Suka yi ta musu, har malamin ya miƙe ya ce, “Af, ƙofa ta nawa ma ya ce?” Yana da wata tsohuwar kwamfuta a gida, shekara uku ba ta motsa ba.

Kasuwa huɗu Malam Gide yana wannan aiki, kullum zambon na ƙara gishiri, kwatancen na ƙara fitowa fili. Matarsa Hajaratu ta ce, “Malam, ni fa na ji an ce lungun nan ba masaka tsinke.” Ya ce ai 'yan kallon abin kunya ne. Jabiru ya daina magana a gida, uban ya ɗauka gajiyar aiki ce.

Ran kasuwa ta biyar sai ga Muttaka da kansa, da ƙullin goro da yadi fari. Malam Gide ya gyara zama, ya ƙara murya don maƙwabta su ji. Yaro ya ji jiki, ya zo toshe baki.

Muttaka ya durƙusa ya gaishe shi. “Baba, ga wannan ba yawa. Alfarma nika nema. Don Allah kak ka daina. Kuma in da hali, a riƙa cewa ƙofa ta ukku, na kama shagon kusa, wancan ya yi mini kaɗan.”



Jabiru ya rufe shago ya tafi Kaduna da sassafe ranar Asabar. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ci wa uban rai ke nan. Ya ce, “Baba, ka yi mani addu'a.” Malam Gide ya raka shi tasha, ya tsaya har ƙurar motar ta kwanta. Yana nan tsaye sai wani saurayi ya sauko daga motar Ƙanƙara, rungume da tsohuwar kwamfuta a cikin zani.

“Baba, don Allah ina ne shagon mai tsuntsu?”

Malam Gide ya dube shi, ya dubi hanyar da ɗansa ya bi. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna masa lungun masu niƙa.